Sifilin Gammo

Malam Tasi'u ya gyara zaman tabarau, ya matso kusa da kwamfutar da Naja'atu, 'yar ƙaninsa, ta ɗora kan tabarmar zaure. Taswira ce. Gwarzo ta yi ja, Madadi ta yi ja, Gammo kuwa fari fat.

"Baba, jan nan shi ne inda muke hasashen sanƙarau zai ɓulla in zafi ya shigo," in ji ta. Aikinta ke nan a Kano. "Alƙaluman shekarun baya muke ɗebowa a intanet, kowa na iya gani. Da taswirar za a raba rigakafi."

"To, mu fa?"

"Sifili aka sa wa Gammo a shekarar babbar annoba. Ba kwa cikin sahun farko."

Shekara ashirin da biyu Malam Tasi'u ya riƙe ɗakin shan magani na garin, har ya yi ritaya shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, ba fom, ba man babur. Amma a lokacin ya san tarin kowane yaro tun daga bayan danga. Mata su dafa masa sirinji a tukunyar ƙasa, maza su yi karo-karon kara su kafa wa majinyata rumfa, ba wanda ya jira a roƙe shi. Rahoton shekarar annobar kuwa a keke ya kai shi Kabo da kansa. Allah kaɗai ya san inda ya maƙale.

Ya shiga cikin gida, ya fito da littafin rubutun 'yan firamare da ya rubuta majinyatan annobar a ciki, gara ta ci gefensa.

"Ba a sa sunaye, Baba. Shekaru da unguwa da rana kawai zan shigar a kwamfutar."

Ya ce to, amma bai fasa karanta su ba. "Sabuwa 'yar Hammadu makiyayi, shekara shida. Ta tashi, 'ya'yanta biyar yanzu. Salisu na gidan maƙera, Allah ya jiƙansa, da ƙafarsa ya zo, yana ta ba ni haƙuri wai ya katse mini kalaci."

Tun hantsi suke yi har aka kira azahar.

"Arba'in cif," in ji Naja'atu. "In suka karɓa a wurin aikinmu, Gammo za ta yi ja."

Ya rufe littafin, ya ɗora tafinsa a kai.

"Sa arba'in da ɗaya."

"Na tsallake wani ne?"

"A'a. Asiya, shekara huɗu, gidan nan. Hannuna ne ya ƙi rubutawa."

Naja'atu ta san sunan 'yar tasa, amma ba ta taɓa jin sa daga bakinsa ba. Ta buɗe sabon layi.

"Wace rana zan sa, Baba?"

"Talata," in ji shi. "Sha tara ga watan Maris."