Motar da Aka Saita da Gwaggo a Ciki

Ganga ta uku ke nan da Dikko ya ture a zagayen gwaji, sai ya tsaya ya fito yana zagaya motarsa. Ja ce, mai ƙofa biyu, ya saye ta hannun wani injiniyan gona da ya bar Birnin Kebbi. Da ita yake zuwa ofis, da ita yake kai Gwaggo Laure kasuwa kullum, yau kuma ya kawo ta Argungu tseren bi ta tsakanin gangunan mai. Gwaggo, wadda ta raine shi, ta riga ta yanke hukunci: in bai zo na ɗaya ba, a sayar da wannan abar mai cin taya a sayi akori-kura ta ɗaukar albasa.

Ya nemo Arzika bakanike ya ce motar hagu take ja. Arzika ya rantse jiya ya ja zare ya saita tayoyin, ya ɗan buɗe bakin tayoyin gaba kamar ƙafar agwagwa don ta ji daɗin kwana, bai bar kuskure ba. Can sai ya dafe kai ya tambaya:

"Malam Dikko, wa ke cikin motar sa'ad da na ja zaren?"

Gwaggo ce. Ta ƙi sauka a gareji saboda gwiwa, kuma Allah ya yi mata jiki. Da ita aka saita motar.

Masu mota suna cewa nauyi nauyi ne. Aka ɗora buhun shinkafa a kujerarta, motar ta ja hagu. Aka ƙara na albasa, ta ja dama.

Dikko ya sami Gwaggo a rumfar 'yan kallo tana cin soyayyen kifi. Ya durƙusa ya yi bayani, ya roƙi arziki.

"Wato in shiga in taya ka kada ni?" in ji ta. "To, mu tahi. Kada a ce na ci ka da zalunci."

Aka ɗaure mata ɗamarar kujera da ƙyar. Da aka kaɗa tuta motar ta miƙe sak. Gwaggo ta fara da salati, a kwana ta biyu salatin ya koma "Taka mata, ɗan nan!" Ko ganga ɗaya ba su taɓa ba. Amma duk kwana Dikko sai ya sassauta don tausayin gwiwarta, ya zo na biyu, bayan wani Usmanu mai kantin magani.

A hanyar gida, wajen Ambursa, Dikko yana shafa sitiyari kamar mai sallama da doki, can ya ce gobe zai kira dillali.

Gwaggo ta gyara mayafi.

"Dillalin mi? Ɗan kantin magani ya wuce ni gaban jama'a, kai kana taka burki kamar mai dakon ƙwai. Ka gaya ma Arzika ya aje zarensa. Baɗi ma ina ciki."