Wanda Ya Cire Ƙyauren

Kafinta bai yarda da littafi ba. Ya ce takarda ba ta da kunya, duk abin da ka ɗora mata sai ta ɗauka. A fim kuwa kana ganin hannun mutum. In ɗan wasa ya riƙe zarto kamar mai riƙe da cokali, nan take yake ganewa. Ya sha tashi ya bar musu silimarsu tun ba a kai rabi ba, don kawai an buga ƙusa a karkace.

Ƙanensa, Auta, ra'ayinsa daban. Shi a wurinsa fim hayaniya ce da gudun mota.

"Littafi ne ke nuna maka abin da ke cikin zuciyar mutum, Yaya."

"In yi me da zuciyarsa? Nuna mini aikinsa."

Shekara hamsin suna wannan musu, ba wanda ya ba da kai.

Su biyu Inna ta haifa, shekara shida tsakaninsu. A ɗaki ɗaya na gidan haya suka tashi, gado ɗaya, kujera ɗaya, sai tulin kayan mutane, domin wanki da guga ne sana'arta. Kafinta ya goya Auta, ya wanke masa kashi, ya fasa wa yara uku baki a kansa. Daga aji uku ya bar makaranta ya kama koyon aikin katako. Auta ya zarce har ya zama malami. Bai taɓa iya ɗaura ko ƙotar tsintsiya ba, shi ya sa yayansa ya raɗa masa Hannun Auduga. Sunan ya bi shi har furfura, shi ma ya yarda haka Allah ya yi shi.

Da Auta ya rubuta littafin yarintarsu ya kawo wa yayansa guda. Kafinta ya juya shi gaba da baya, ya ce ɗinkin bai yi ƙwari ba. Ya naɗe shi a tsumma mai tsabta, ya sa a ƙasan akwatin kayan aiki. Shekara tara yana nan.

Wata safiya yana goge ƙafar tebur sai ga Auta, hula a karkace. Ya zauna a kan benci bai ko kaɗe garin katako ba.

"Lafiya, Hannun Auduga? Biro ya yanke ka?"

"Yaya, ka san ana yin fim da littafina."

"Na ji. Allah ya sa su gyara shi."

"Darakta ta ce za ta cire wurin gobara."

Kafinta ya ci gaba da goge katako.

"Wurin da ka cire ƙyaure ka fito da ni. Ta ce ba zai yiwu ba. Wai ta sa kafintoci uku sun gwada, ƙyauren da aka kulle da kwaɗo ba ya ciruwa daga waje. A gaban ma'aikata ta ce, 'Malam, nan kam ka ƙara gishiri.' Suka yi dariya. Za ta sa wani maƙwabci ya zo da gatari."

"To, ta sa."

"Yaya, duk inda na tsaya na ce babu ƙarya ko ɗaya a littafin nan. A gaban ɗalibaina na faɗa. In aka cire wurin nan, na zama maƙaryaci da furfurata. Kuma don wurin nan na rubuta littafin. Ka zo gobe ka nuna musu yadda ka yi. Abin da na roƙe ka ke nan."

Auta bai taɓa roƙonsa komai ba tun da ya girma. Kafinta ya hure ƙurar da ke kan katakon.

"Ƙarfe nawa?"

"Goma."

"Tashi ka kaɗe rigarka."

Da Auta ya tafi, sai ya janyo akwatin, ya kwance tsumman. Karatunsa irin na aji uku ne, da yatsa, baki na motsi. Ya ɗauki lokaci kafin ya gano shafin. Ya bi shi kalma kalma, har manne ya bushe a gwangwani bai sani ba.

Auta ya rubuta cewa Inna ce ta kulle shi yana barci da zazzaɓi, ta tafi kai kaya da makulli a bakin zanenta. Wuta ta tashi a ɗakin maƙwabta. Yayansa ya dawo daga aike, ɗan shekara goma sha uku, ya cire ƙyaure da hannunsa, ya ɗauko shi a sume. An yabi Yaya shafi biyu cur. Kafinta bai taɓa jin an yabi mutum haka ba, ko a fim.

Ya rufe littafin. Shi kaɗai ya rage a duniya da ya san yadda aka yi.

Shi Inna ta bar wa jinya da makulli. Ya ga Auta ya yi barci, ya tuna ana nuna fim ɗin faɗa da rana. Ya datse kwaɗo ya tafi. Aljihunsa da huda. Da ya dawo ya tarar da hayaƙi, ya laluba, babu makulli. Bayan an kashe wuta maƙwabta suka ga ƙyaure a karkace, yaro a hannunsa, suka hau sa masa albarka, suna zagin Inna da sakaci. Ya yi shiru. Inna ta dube shi sau ɗaya, ita ma ta yi shiru, har ta koma ga Allah ba ta tayar da maganar ba. Auta kuwa abin da ya ji a bakin mutane shi ya zama tunaninsa.

Kafinta ya buɗe gwangwanin ƙusoshi. Ya zaɓi doguwa guda, ya duba miƙewarta, ya jefa a aljihu. Sai ya sa yatsa ya taɓa ɗinkin aljihun.

A wani tsohon sito ake ɗaukar fim ɗin. Wayoyi ko'ina a ƙasa, fitilu a kan sanduna, samari na kai da kawo. A tsakiya an gina ɗakinsu na dā da falanki: gado, kujera, tulin kaya, har da dutsen guga irin na gawayi. Kafinta ya tsaya ya dubi dutsen gugan ya daɗe.

Darakta yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, da biro a bayan kunne. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, kai ne jarumin namu?"

"Haka aka rubuta."

"Ba raini ba ne, Baba. Ni abin da ido ba zai yarda da shi ba, ba na ɗauka."

"Kin fi wasu. Na ga fim ɗin da mutum ya fasa ƙofar ƙarfe da kafaɗa, ko hularsa ba ta faɗi ba."

Ya nufi ƙyauren. Ya buɗe, ya rufe, ya ƙwanƙwasa. Ya duba hinji, ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa, sama da ƙasa.

"Wa ya rataya wannan?"

Wani mai gemu ya ɗaga hannu a tsorace.

"Ba laifi. Ka iya." Ya juya ga Darakta. "Ciki yake buɗewa, kamar namu. Ƙyauren da ke buɗewa ciki, hinjinsa na ciki. Gaskiyarki, 'yata. Daga waje ba mai cire shi, ko ni, ko wanda ya koya mini."

Auta ya dubi yayansa. Wani saurayi ya kau da kai yana danne dariya.

"Yaya..."

"Shiga ciki."

"In yi me?"

"Yaushe ka fara tambayata? Shiga."

Auta ya shiga. Kafinta ya ja ƙyaure, ya datse kwaɗo, ya damƙa wa Darakta makulli. "Riƙe. Kada ki buɗe ko ya yi kuka." Sai ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya tura ƙusar ta ƙarƙashin ƙofa. Ya kai bakinsa daidai tsagar, ya daka tsawa da muryar da ba wanda ya zata tana jikin tsoho.

"Auta! Bar kuka! Ga ƙusa nan a ƙafarka. Ka gan ta?"

Can muryar Auta ta fito, siririya. "Na gan ta."

"Ɗauko dutsen gugan Inna. Je ka hinjin ƙasa. Akwai ɗan sandan ƙarfe a tsakiyarsa. Sa bakin ƙusa a gindinsa, ka buga sama."

"Yaya, ka san ni da..."

"Buga!"

Aka ji ƙwam. Aka ji wash, an sami yatsa. Darakta ta yi wa mai kyamara alama da hannu, ya kunna.

"Kar ka dubi dutsen, dubi ƙusar. Buga!"

Ƙwam. Ƙwam. Wani ƙarfe ya faɗi a siminti ya gangara.

Kafinta ya ja numfashi zai faɗi abin da ke gaba. Kafin ya yi magana sai ya ji ana jan kujera a ciki, ana kai ta jikin ƙofa. Ba wanda ya ce a jawo ta. Auta dogo ne, hannunsa na kai hinjin sama yana tsaye. Yaro ɗan shekara bakwai ne ke bukatar kujera.

Bugu uku, sandan sama ya fito.

"Matsa gefe!"

Kafinta ya sa kafaɗa ta ɓangaren hinji ya tura. Ƙyauren ya zame ciki, ya rataye a jikin kwaɗonsa, a karkace. Ga Auta tsaye kusa da kujera, dutsen guga a hannun dama, ƙusa a hagu, babban yatsa na jini. Yana duban hannayensa kamar yau aka ba shi su.

"Na taɓa yin wannan," ya ce.

"Ka taɓa. Kana ɗan shekara bakwai, da zazzaɓi, hayaƙi ya cika ɗaki. Ka cire na ƙasa, ka hau kujera ka cire na sama, sannan ka faɗi. Ni turawa kawai na yi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafinta ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya fuskanci mutanen gaba ɗaya.

"Ku rubuta wannan ma. Ba Inna ce ta kulle shi ba. Ni ne. Silima na tafi, na yar da makulli. Aka yabe ni, aka zage ta, na yi shiru shekara hamsin da biyar. Ƙanena bai yi ƙarya ba. Abin da na bari ya ji shi ya rubuta."

Auta ya ajiye dutsen gugan a hankali. Idonsa ya kawo ruwa.

"Wane fim ne?"

"Me?"

"Wanda ka bar ni dominsa."

"Na faɗa. Wani mai takobi biyu."

"Ya yi kyau?"

"Shirme ne. Rabin dukan a iska yake sauka."

Auta ya fashe da dariya, hawaye na zuba, har sai da ya dafa kujera. Dariyar ta kama mai gemu, ta kama samarin. Wani ya fara tafi, sito ya ɗauka.

Darakta ta zare biro daga bayan kunne, tana rubutu a tafin hannunta. "Babu gatari," ta ce. "Babu maƙwabci. Yaro a ciki, yaro a waje, ƙusa ta ƙarƙashin ƙofa. Malam, ka yafe mini maganar gishiri. Baba, za ka tsaya ka koya wa yaranmu riƙon ƙusa?"

"Ga wanda ya yi aikin nan. Shi zai koya musu."

Auta ya ɗaga yatsansa mai jini. "Ni? Hannun Auduga?"

"Wa ya ce maka haka?"

"Kai, Yaya. Kullum."

"To na janye."

Bayan wata takwas aka nuna fim ɗin. Suka je na rana, suka zauna a layi na uku. Da aka zo wurin gobara, yaron ciki ya hau kujera yana tari. Ƙyaure na zamewa mutane suka miƙe da ihu. Wata mata a bayansu ta riƙa dukan kujerar Kafinta tana cewa, "Ɗan albarka! Ɗan albarka!" Ya juya ya nuna mata Auta da haɓa.

"Ga shi nan. Ƙanena ne."

Kafinta ya zauna har sunaye suka gama wucewa. Bai taɓa yin haka ba.

A bakin titi Auta ya ciro sabon bugun littafin daga jaka. An gyara wurin gobara, an sa sunan Inna a shafin farko.

"To, Yaya, ya ka ga fim ɗin?"

"Ƙusar ta yi gajarta."

"Shi ke nan?"

"Sauran ba laifi."

"Ka ga dai da ba a rubuta ba, da ba a yi fim ba."

"Da ba a yi fim ba, da har yau ƙarya na kwance a littafinka."

Ya karɓi littafin, ya ja bangon ya gwada ɗinkin. Wannan karon bai ce komai a kansa ba. Ya sa shi a aljihun gaba.

"Wata nawa karatunsa zai ɗauke ka?" in ji Auta.

"Ina ruwanka. Teburin nan naka mai rawa, gobe ka kawo shi shago."

"Za ka gyara mini?"

"Guduma zan ba ka."