Bishiyar Hala Jawahir

Da Hala Jawahir, tsohuwar maƙwabciyarmu a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, za ta koma tsibirinsu, Suƙuɗura, sai ta kawo mini wata 'yar bishiya a tukunya, mai kumburarren gindi kamar tulu. Ta ce ko a can ta kusa ƙarewa, guguwa na tuge manyan, masu sayar wa baƙi na tone ƙananan. Ita da iri ta shigo, ƙulle a bakin mayafi, tun tana amarya.

"Amana ce, ya binti. Ruwa kaɗan take so."

Na ajiye ta a saman bene inda nake shanya. Ban san akwai dafi a jikinta ba sai ranar da 'yata Raghad, mai rarrafe, ta tsinki ganye ta kai baki. Leɓenta ya kumbura, ta yi ta amai. Likita ya ga hoton bishiyar a wayata, ya ce kada yarinyar ta ƙara kusantarta.

Mijina Nu'uman ya ce a sare ta kawai.

"A cikin Harami, Abu Raghad?"

"Wadda ta fito da kanta aka hana sarewa, Malama. Wannan shuka ta aka yi."

Na ƙi. Na ɗauke ta a tasi zuwa wajen wani mai sayar da shuke-shuke a unguwar Zahir, na ce kyauta na ba shi. Ya daɗe yana kallon ta, hannunsa a baya.

"Ina takardarta?"

"Bishiya ce, baffa, ba 'yar aiki ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce irin wannan doka ce ke tsaronta, ba a saye, ba a sayarwa, ba ta ƙetare iyaka sai da izini. In aka gan ta a shagonsa, ya shiga uku. Ya ce in kai wa hukuma.

Nu'uman ya ce za su tambayi yadda ta shigo ƙasar, mu kuwa baƙi ne, da igama, takardar izinin zama, muke zaune, ba za mu kai kanmu ba. Na kira Hala. Ɗanta ya ɗauka, ya ce ba ta gane mutane yanzu.

Na mayar da ita saman bene, na sa wa ƙofar kwaɗo, na koma shanya a ɗaki. Ban sare ta ba. Ruwa na daina kai mata.

Ta ƙi mutuwa da wuri, gindin nan ya tara ruwa. Jiya na leƙa ta kafar ƙofa, fatarta ta fara yamushewa. Ina juyowa na ga Raghad a mataki na biyu, ta koyi hawa.