Takardar Tara a Motar Baban Torika

Saura kwana huɗu a je neman auren Torika aka miƙa mini sabuwar na'urar yanka tara a wurin aiki. Tabua, haƙorin babban kifin da za a kai gidansu, yana akwatin babana, an shafe shi da man kwakwa har yana sheƙi. Kawunnaina sun tsayar da Asabar. Ni kuwa yawo nake a titin kasuwar Nausori cikin kakin 'yan sanda, ƙafata ba ta jin ƙasa. Duk littafin soyayyar da na taɓa karantawa, tausayin marubucinsa nake ji, don bai taɓa ganin Torika tana dariya ba.

Da can littafin tara muke riƙewa, kuma kowa a Nausori ya san yadda ake yi. Ka tsaya gaban motar da aka ajiye ba daidai ba, ka buɗe littafi, ka cire murfin biro a hankali, ka dubi sama kamar kana tuna kwanan wata. Kafin biro ya taɓa takarda mai motar ya fito a guje, kabeji a hammata, yana ba da haƙuri. Ka rufe littafi, ya janye motarsa, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Na'urar ba ta san wannan ba. 'Yar kwamfuta ce daidai tafin hannu, da ido a bayanta.

Ranar Talata na tarar da wata a-kori-kura shuɗiya, maƙare da gwaza, a kan farin fentin da 'yan makaranta da mata masu kwanduna ke bi su tsallaka titi. Na tsaya. Na saita na'urar a kan lambar motar, na dubi sama yadda na saba, ina jiran mai ita ya gan ni. Babban yatsana ya danna. Ƙit! Sai ga takarda ta zaro kanta.

"Ta tafi ofis, ɗan tsibiri," in ji Saja Vasemaca, shugabata a aiki kuma taubashiyata, don mutanen garinsu da namu na tsibiri ba sa raga wa juna. "Da hoto, da lokaci, da sunanka."

Ina juyowa na ga mai motar yana tahowa. Rusiate ne, baban Torika. Ashe motar ƙaninsa ya aro. Bai gudo ba, bai ba da haƙuri ba. Ya karɓi takardar daga hannuna, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun riga, ya ja mota. Ko kallona bai yi ba.

Saja ta dafa fitilar titi tana dariya har da hawaye. "Kai, mutanen tsibiri! Wasu kifi suke kai wa suruki, kai takarda ka kai!"

"Saja, don Allah a goge ta."

"Da me? Da yawu? Ba littafi ba ne da za ka yage shafi." Ta share ido, ta sassauta murya. "Ka ce masa na'ura ce ta yi. Kowa yanzu ita yake ɗora wa laifi. Ba ta da dangi a garin nan da za su ji haushi."

Da la'asar Torika ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ilaitia, me ka yi? Baba ya ce a dakata da tara itacen gasa abincin Asabar. Mutanen kasuwa duk sun gani, har an riga shi kawo labarin gida." Sai na ji tana jan hanci. Ban san zuciya tana iya yin nauyi haka ba sai ranar.

Washegari da hantsi na sayi saiwar yaqona mafi tsawo a kasuwa, irin wadda ake kai wa babba in za a nemi gafara, na ɗaura zanen maza, na hau tudu zuwa ƙauyensu. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na shiga a duƙe, na zauna can ƙasan tabarma. Na tura yaqonar gabansa da hannu biyu. In ya ɗauka, ya yafe. In ya bar ta, Asabar ta rushe.

Bai taɓa ta ba. Takardar ya ciro, ya warware ta a kan gwiwarsa.

"An ce injin ne ke yi da kansa," ya ce.

Ga ƙofar tsira ya buɗe mini. Na ji motsin Torika a bayan labule.

"A'a, Momo," na ce, sunan da muke kiran kawu da suruki. "Yatsana ne. Niyyata in tsoratar kawai, yadda muka saba. Ban san kai ne ba."

"Da ka sani fa?"

Na tuna yaran da suka riƙa ratsawa ta bayan motar, ta tsakanin bas-bas, jakunkuna a baya.

"Da na zo na roƙe ka ka janye. In ka ƙi, da ba a son raina ba, Momo, amma da na danna."

Ya dubi takardar, ya dube ni, karo na farko tun jiya.

"Shekara talatin ina ajiye mota a wurin nan," ya ce. "'Yan sanda nawa suka cire mini murfin biro! Wani har ya tsufa yana kallon sama." Gefen bakinsa ya motsa. "Jikata ma ta nan take tsallakawa. Jiya uwarta ta faɗa mini, ba da daɗi ba."

Ya miƙa hannu ya jawo yaqonar, ya tafa sau uku, tafi mai zurfi. Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba.

"Tarar ni zan biya, kada ka soma kai hannu aljihu," ya ce. "Torika! Fito daga bayan labulen nan, ƙafafunki duk a waje suke. Ki ce wa yayyenki su tara itacen." Sannan ya nuna ni da takardar. "Kai kuma, Asabar in kun zo, inda na nuna muku za ku ajiye mota. A kan tudun nan ni ne ɗan sanda."