Allon Mama Magdalina

Kafayatu ta ce a sauke allon nan, Mama Magdalina ta ce sai dai bayan ranta.

Allo ne ƙato na tamfol, ɗaure a saman ƙofar ɗan asibitin haihuwar da Mama ta buɗe a unguwar Sauka Kahuta bayan ta yi ritaya daga aikin ungozoma. An zana mace da ciki haihuwa yau ko gobe, ta dafe shi tana murmushi, a ƙasa an rubuta "Masu ciki, ku shigo gidanku." Ɗan acaɓan da ke sharara gudu ma sai ya karanta.

Ita Kafayatu sana'a biyu take riƙe da su. Duk mako tana karanta binciken likitoci a kan ciki da goyo, ta mayar da shi Hausar da ake cinikin tumatir da ita, ta tura wa mata a waya. Sannan masu asibiti da masu shagon kayan jarirai kan ɗauke ta ta nuna musu yadda za su samu jama'a. Da wannan Mama ta kira ta, wai layin awo ya ƙi cika.

Kwana uku ta yi tana duba katunan masu zuwa. Wata shida, wata bakwai, wata takwas. Babu ko mace ɗaya mai ƙaramin ciki.

"Mama, allonki ne yake korar su. Duk wadda ta shigo ta ƙarƙashinsa ta gama yi wa layin nan shela. Matanmu kuwa kin san su, sabon ciki ko uwarsu ba sa gaya wa, ga kunya ga tsoron baki."

"Haba 'yata! Na kira ki ki sa a gan ni, ke kuma ki ce in ɓuya? Ina aka taɓa talla babu allo?"

"Ki rubuta 'Lafiyar Iyali' kawai. Mai ciwon kai ta shiga, mai ciki ta shiga, wa zai bambance? Watannin farkon nan ne ake kama hawan jini da ƙarancin jini tun ba su yi ɓarna ba."

"Shekara talatin ina karɓar haihuwa, ke za ki koya mini?"

Nan fa ran Kafayatu ya ɓaci.

"Ni ba a takarda kaɗai na karanta ba, Mama. Wata biyar na ɓoye nawa cikin a unguwar Shango, ƙafata na kumbura ina cewa gajiya ce. Namiji ne. Ko kukansa ban ji ba."

Amma taurin kan Mama ai ba ya narkewa a minti ɗaya.

"Allah ya ba ki wani. Amma in kika taɓa allon nan, aikinki da ni ya ƙare."

"To ya ƙare ɗin!"

Ta tsallaka wajen mai walda ta aro tsani da almakashi, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta hau da rana tsaka, mutane na kallo. Igiya huɗu ta datse. Tamfol ya zubo ƙasa rib, ta naɗe shi tsaf, ta ajiye wa Mama a bakin ƙofa. Mama ta shige ciki ta bugo ƙofar, ko kallonta ba ta yi ba.

Shi ke nan, aiki ya tafi, kuma Kafayatu ta san kafin sati labarin zai kai har Ketaren Gwari, masu asibiti su ce ba ta da kunya. Su ce mana.

Tana mayar da tsanin sai Rabi'atu, mai sayar da gyaɗa a tsallaken titi, ta yafito ta kamar za ta yi mata tayi. Ta sunkuyo, ta rage murya.

"Anti, yanzu in na shiga, ba wanda zai gane ko?"

"Wata nawa?"

"Huɗu. Kullum ina nan zaune ina kallon ƙofar nan, ga jiri yana ɗibata."

Kafayatu ta ɗauke mata farantin gyaɗar ta ɗora a kanta.

"Tashi mu je. Ni aka kora, ba ke ba."