Layar Ƙahon Rago

Abubakari ɗan Baba Gajere ya kayar da Lamisi mai gwanda a bakin Kasuwar Malam Atta, ya karya mata ƙashin kafaɗa.

Waɗanda suka gani sun ce ba faɗa aka yi ba. Matar ta rungumi wata ƙatuwar gwanda a ƙirji tana gudu don ta cim ma mota, sai ɗan sandan da ke ba da hannu ya busa usur. Abubakari yana tsaye a gefen titi yana jiran ubansa. Jin usur ɗin nan ke da wuya, ya sunkuyar da kai ya zabura. Matar ta yi sama ta dawo kan kwalta. Shi kuwa ya miƙe a kanta yana huci, yana waige-waige kamar mai jiran a tafa masa.

Baba Gajere ya iso da igiyar rago a hannu. Bai tambayi kowa kome ba. Ya dubi matar da ke kururuwa, ya dubi gwandar da ta fashe, ya dubi ɗansa, ƙaton mutum mai wuya kamar turmi, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya kama hannunsa suka nufi unguwarsu ta Nima a ƙasa. Duk tsawon hanya tsohon bai sunkuyar da kai ba, bai kuma gaida kowa ba.

* * *

Tun yana saurayi Baba Gajere ya baro ƙasar Nijar ya sauka a Ankara, babban birnin Gana, kuma raguna ne sana'arsa. Ba ya karanta boko, allonsa ma bai yi nisa ba, amma idan babbar Sallah ta ƙarato, garkensa da ke bayan babbar kwatar Nima ake fara zuwa. A kwanakin nan samari kan haɗa raguna karo a fili, ragunan Baba kuwa ba a cika korarsu ba.

A shekarar 1976 wani baƙar fatar Amurka da ke koyar da wasanni a wata makaranta a unguwar Kokomlemle ya ga Abubakari ya saɓa rago a kafaɗa ya tsallake kwata da shi. Mutumin ya yi ta zarya gidan. Ya ce a ƙasarsu akwai wata ƙwallo da ake riƙewa a hannu, za a ba yaron karatu kyauta idan ya buga ta. Aikinsa shi ne ya tsaya a bayan sahun gaba ya zuba ido, duk wanda ya ɗauko ƙwallo ya nufo su, ya tare shi da jiki ya kai shi ƙasa. Lainbaka ake ce wa mai wannan aiki.

Baba ya saurari tafinta har ya gama, ya ce ashe karo ne. Karo kuwa ya san shi.

Ya yanko tsinin ƙahon wani ragonsa da ba a taɓa kora ba, ya kai wa wani malami aka yi rubutu aka haɗa, baduku ya ɗinke da jar fata. Ranar tafiya ya damƙa wa ɗansa layar.

"Ka sa a cikin hularka," in ji shi. "Ka riƙa shiga da kai. Babu abin da zai same ka."

Abubakari yaro ne mai jin magana. Da kai ya shiga a makaranta, da kai ya shiga lokacin da wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Idan ya aiko da kaset, gidan bidiyon unguwar Mamobi cika yake yi har waje. Babu wanda ya san ƙa'idar wasan, jira kawai ake a ga mai lambarsa ya taho a guje ya yi gware da wani, ƙarar hulunan kwanonsu ta fito ta cikin akwatin talabijin, ɗaki ya ɗauka: Rago! Rago! Baba yakan zauna a kujerar gaba, hannu a kan sanda, ba ya ko murmushi, amma ba ya tashi sai an gama.

Kwanon rufin da ke kan masallacin layinsu, Abubakari ne ya saya. Famfon bakin hanya, shi ne ya sa. Alhaji Issah, mai gidan da suke haya kuma babba a kwamitin masallaci, da hannun Abubakari ya ga Makka.

Wata shekara da ya zo hutu, yana zaune cikin dattawa bayan la'asar, ya ce wani lokaci idan ya yi karo sai ya ga haske fari fat, kunnensa ya yi ta ƙara, ya miƙe bai san garin da yake ba. Aka kwashe da dariya. Alhaji Issah ya ce ai layar ce ke aiki, da ba don ita ba da kan ya rabe biyu. Abubakari ma ya yi dariya, ya koma Amurka.

A 1993 ya dawo gaba ɗaya, da jaka guda da hular wasansa. Ƙungiya ta sallame shi tun da daɗewa, matarsa ta can ta tafi da 'ya'ya. Da fari aka ce gajiya ce. Sai ya fara manta raka'a a sallah. Ya riƙa tambayar ina uwarsa ta je, ita da ta daɗe a ƙasa. Hasken rana ya zame masa azaba. Ran nan ƙanwarsa Zuera ta yar da murfin tukunya, ya ɓalle ƙofar ɗaki da kafaɗa.

Unguwa ta rabu. Wasu suka ce aljanun ƙasar Turawa ne suka biyo shi, wasu suka ce wiwi, wasu suka ce matar tasa ce ta yi masa asiri. Baba kuwa ya san abin da yake gani. Ya sha ganin irin wannan kallo a garkensa. Ragon da ya daɗe yana karo, wata rana sai ka same shi ya kafa goshi a bango ya tsaya. Ya bar cin dusa, ya bar gane mai shi, yaro ya gitta ya kai masa karo. Irin wannan ba ya warkewa. Rago dai akwai wuƙa.

* * *

Washegarin abin da ya faru a kasuwa, Alhaji Issah ya zo da dattawa. Dangin Lamisi sun so kai ƙara, an lallashe su, sun yarda bisa sharaɗin a fitar da Abubakari daga unguwa. Akwai wani gidan magani a bayan gari inda ake cire aljanu, can za a kai shi ranar Asabar. Baba ya ce sai ya gani da idonsa.

Ya je ya gani. Wani fili ne mai itatuwan mangwaro, kowace bishiya da mutum a gindinta, sarƙa daga ƙafarsa zuwa saiwa. Wani tsirara yake. Wata mata tana kwance, ƙudaje sun rufe idon sawunta inda ƙarfe ya ci nama. A gefe an rataye bulala, mai gidan ya ce ba mutumin ake duka ba, wanda ke cikinsa ake duka. Ya nuna wa Baba wata bishiya da babu kowa, ya ce tun da an ce ƙato ne, za a ninka masa sarƙar.

Baba ya tsaya yana kallon ƙafar matar nan. Duk rayuwarsa ɗaure dabba yake yi, bai taɓa barin igiya ta ci fatar rago ba.

Da ya dawo ya tarar da Zuera tana haɗa kayanta. Ita ce ta taɓa kai yayanta asibiti, likita ya ba da ƙwayoyin barci ya ce abin da ya lalace a cikin kai ba ya gyaruwa. Ta ce mijinta ya ce ta dawo ɗakinta. Ta janye mayafi ta nuna wa ubanta damtsenta, ya yi baƙi ya kumbura.

"Baba, na gaji," ta ce. "Wata rana kai zai kayar. Ƙashinka ba zai ɗauka ba."

Ya ce ta gaida mijinta.

* * *

Ranar Asabar da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a bakin layi. Alhaji Issah ya shigo da majiya ƙarfi, ɗaya yana riƙe da igiya. Mata suka leƙo ta tagogi. Masu ɗibar ruwa a famfo suka ajiye bokitai.

Abubakari yana cikin garke. Ya sa hular wasansa, jar layar tana leƙowa ta gefen kunne, fatarta ta ƙoƙe. Ya ranƙwafa a bayan ragunan, hannuwa a kan gwiwa, ido a kan ƙofa, yana jiran usur.

Baba ya ɗauko kujerarsa ya ajiye a bakin garken ya zauna, ya gitta sandarsa a kan cinya.

Alhaji Issah ya yi sallama, ya ce, "Kafra, Baba, ka yi haƙuri. Ba mu ƙi shi ba, ɗanmu ne. Amma akwai yara a layin nan."

Baba ya ce ai yaran nan ruwan famfon Abubakari suke sha.

Alhaji ya haɗiye wannan. Ya ce idan aka ƙi, dangin matar za su kira 'yan sanda, shi kuma ba zai iya barin su a gidansa ba, sauran 'yan haya sun yi magana. Ya ce Sallah ta kusa, wa zai shigo garken da ke da irin wannan a ciki ya sayi rago? Ya ce Baba ya dubi shekarunsa. In ya faɗi gobe, wa zai riƙe ɗan nasa?

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, Baba ya sani. Babu inda za su je. Babu wanda ya rage.

Daga bayansa ya ji muryar ɗansa ta cikin hula, a hankali, da ladabi.

"Tsoho, don Allah ko ka ga mai ragunan nan? Babana ne. Ya ce in jira shi."

Baba bai waiwaya ba. Mai igiya ya matso taku ɗaya. Tsohon ya ɗaga sandarsa ya tokare bakin ƙofar, ya dubi Alhaji Issah a tsakiyar ido.

"Ba za ku ɗaure shi ba."