Tukku a Ƙeyar Misbahu

Bayan da kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa a mashigin da ke gabas da Haɗeja, ƙungiyar masu fito ta ce sai an gwada duk mai riƙe da inji. Mutum biyu ruwa ya ci, kuma kowa ya san matuƙin a buge yake da tiramol.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Bunu, ya gayyato wata malamar asibiti, Huseina, ta yi musu bayani a ƙarƙashin tsamiyar bakin ruwa. Ta ce gwaji iri biyu ne. Na fitsari a take ake ganin sakamako, amma abin da mutum ya sha cikin 'yan kwanaki kawai yake nunawa. Na gashi sai an aika nesa an jira, sai dai yana tono abin da aka sha har wata uku baya.

Aka yi ta gardama. Matasa suka ce fitsari, wai gashin mutum ba abin bai wa baƙo ba ne, kada a je a yi musu asiri. Waɗanda ko sallar asuba ba ta dame su ba, ranar kowa ya zama mai tsoron sammu. Dattawa suka dage a kan gashi, kuma su suka yi rinjaye. Sai wani ya tambaya, wanda ba shi da suma fa? Malama Huseina ta ce ita dai na kai aka ba ta umarnin ɗauka, wanda babu sai a yi masa na fitsari. Aka sa ranar Litinin ta sama, kwana tara ke nan.

Kakar Sunusi wanzami ta yanke saƙa. Shekara da shekaru samarin garin sun guje shi sun koma shagon aski mai madubi da kiɗa, sun bar shi da tsofaffi da jarirai. Amma askar wanzami ce ke kwashe gashi har saiwa. Cikin mako guda ya aske matuƙa goma sha ɗaya ƙwal-kwabo, bai tambayi kowa dalili ba. Zafi ya yi yawa, in ji su, alhali damina ake ciki.

Ranar Lahadi da hantsi ɗansa Misbahu ya zo ya cire hula ya zauna a kan tabarma. Shi ma matuƙi ne, jirginsa ke ɗaukar mata da buhunan shinkafa daga ƙetaren kogi. Shekara shida Sunusi yana roƙonsa ya sauke tulin sumar nan, yana ƙi.

"Baba, a aske min."

Sunusi ya buɗe zabira, ya wasa aska, ya jiƙa kan da ruwa da sabulu. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba a kan sauran. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ya fara daga goshi ya yi baya. Da ya iso ƙeya sai ya kewaye wani wuri kamar faɗin yatsa uku, ya share gefe da gefe, ya goge askar ya mayar zabira.

Misbahu ya shafa kansa, yatsunsa suka tsaya a wurin.

"Baba, ka manta nan."

"Ban manta ba."

"Na daina fa. Wallahi yau kwana ashirin ban sa ko ɗaya a bakina ba."

"Allah Ya sa. Ka faɗa wa malamar haka gobe."

"Za su karɓe jirgin. Ka aske mutum goma sha ɗaya, ni ne za ka tona wa asiri?"

"Su ba ni na haife su ba," in ji Sunusi. "Shagon aski na nan bakin kasuwa, ban ɗaure maka ƙafa ba."

Misbahu ya sa hularsa ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Washegari matuƙa suka yi layi a bakin ruwa, kawuna sai ƙyalli suke. Aka riƙa miƙa wa kowa 'yar roba yana zagayawa bayan rumfa. Sunusi yana tsaye can nesa da zabirarsa a kafaɗa, kamar hanya ce ta biyo da shi.

Da aka zo kan Misbahu, Malama Huseina ta miƙo masa roba ba tare da ta ɗago kai ba. Bai karɓa ba. Ya cire hula ya juya mata baya, tukkun yana nan yadda aka bar shi. Wasu suka yi dariya, ita kuwa ta ɗauko almakashi.

Goma sha ɗayan nan duk suka tsallake, da yamma suna kan ruwa. Bayan mako uku sakamakon Misbahu ya dawo, Alhaji Bunu ya karɓi jirgin ya ba wani. Yanzu Misbahu dako yake yi a mashigin, yana ɗora buhuna a jirgin da a da shi ke tuƙawa. Kullum da safe yana durƙusawa ya gai da mahaifinsa, amma iyakarta ke nan. Sunusi yana amsawa, ya jira ko za a ƙara wata magana, ba a ƙarawa.